Labarin Modiliyani, Mai Zana Mutane da Dogon Wuya

Duk malamin da ya taɓa raba wa 'yan aji biyu takarda da fensir, ya ce su zana masa mutum, ya san irin abin da za su kawo masa. Wani ya yi kai kamar ƙwarya, wani ya ja wuya kamar na raƙumi, wani kuma ya manta da kunnuwa sam. Galibinmu sai mu ɗauki jan fensir mu soke, mu ce bai yi kama ba. To, a ƙasar Italiya an yi wani mutum wanda ya ƙare ransa yana zana mutane da dogon wuya, da dogon hanci, da idanu waɗanda sau da yawa ba ya sa musu ƙwaya. Mutanen zamaninsa sun yi masa abin da mu kan yi wa yaran nan. Tun da ya ke yawancin masu karanta wannan mujalla za su tsaya gaban allo wata rana su koyar da zane, na ga ya kamata mu ji labarinsa, da inda ya samo wannan hannu nasa, don wani sashe na abin daga wajenmu ya fito, nan Afirka.

Sunansa Amedeo Modigliani, amma yadda mutanen ƙasarsu su ke faɗinsa shi ne Modiliyani, haka kuwa za mu riƙa rubuta shi. An haife shi ran 12 ga Yuli, 1884, a Liborno, wani gari na bakin teku a yammacin Italiya, inda jiragen ruwa ke tsayawa. Iyayensa Yahudawa ne. Uban, Flaminio, ɗan kasuwa ne mai harkar ma'adinai da itatuwa a tsibirin Sardiniya. Uwar kuwa, Eugenie Garsin, a Marsai ta ƙasar Faransa aka haife ta, 'yar gidan masu karatu ce. Shi ne na huɗu cikin 'ya'yansu, shi ne kuma auta. Kafin a haife shi da kaɗan sai jarin uban ya karye. A gidansu ana ba da labari wai ran da uwar ta ke naƙudarsa, ran nan ne ma'aikatan kotu suka zo kwashe kaya sabo da bashi. Akwai wata tsohuwar doka ta ƙasar da ta hana a taɓa gadon mace mai naƙuda, sai mutanen gida suka yi dabara, suka tattaro duk abin da ke da daraja suka jibga bisa gadon. Da haka suka tsira da ɗan abin da suka tsira da shi.

Uwar ce ta riƙe gidan. Malama ce irinmu, ta buɗe 'yar makaranta a gida tare da 'yar'uwarta, tana koyar da harsuna, tana kuma yin fassara. A hannunta yaron ya fara karatu, ya tashi da Faransanci a bakinsa kamar Italiyanci. Amma jikinsa ba shi da ƙwari. Yana ɗan shekara 11 ya yi ciwon ƙirji mai tsanani. Yana ɗan shekara 14 zazzaɓin taifot ya kwantar da shi har aka fid da rai. An ce cikin zafin zazzaɓin nan ya yi ta sambatu, ba abin da ya ke roƙo sai a kai shi ya ga zane-zanen mutanen dā da ke birnin Fulorans. Da ya samu sauƙi uwar ta yarda ya bar makarantar boko, ta kai shi wajen wani mai zane a Liborno, Guglielmo Micheli, a 1898. Micheli mutum ne mai son fita da almajiransa bayan gari su zana itatuwa da gonaki da jiragen ruwa. Yaron bai ɗauki wannan da daɗi ba. Shi dai fuskar mutum ya ke so, haka kuwa ya zauna har mutuwarsa. Cikin dukan ayyukansa na girma, hotunan daji da gidaje ba su fi guda huɗu ba.

Yana ɗan shekara 16 aka ga tarin fuka ya kama shi. A zamanin nan ba a sami maganinsa ba tukuna, abin da likita ya ke iya cewa kawai shi ne a nemi wuri mai rana da iska mai kyau. Uwar ta ɗauke shi zuwa kudancin ƙasar, suka zaga Nafuli da tsibirin Kafri da Roma. Tafiyar jinya ce, amma ta zama masa makaranta, don kullum yana cikin majami'u da gidajen ajiye kayan tarihi yana kallon aikin magabata. A 1902 ya shiga makarantar zane a Fulorans, a 1903 ya koma Benis. Masu zanen Italiya na dā, irin su Botticelli da Simone Martini na birnin Siyena, suna da wata al'ada ta karkatar da kan mace gefe guda, su ja wuyanta ya yi ɗan tsawo, layin ya tafi sumul ba gargada. Wannan ya shiga idonsa tun yana saurayi.

A farkon 1906 ya tafi Faris, don a lokacin nan duk wanda ke son ya zama wani abu a sana'ar zane can ya ke nufa, ko daga Sifen, ko daga Rasha, ko daga Folan. Ya sauka unguwar Montmartre, unguwar talakawa bisa tudu, inda Picasso da abokansa ke zaune. Waɗanda suka gan shi a farkon zuwansa sun ce saurayi ne kyakkyawa, mai tsabta, mai ladabi, ya haddace waƙoƙin Dante da yawa. Kafin shekara biyu kuɗin da uwar ta ba shi sun ƙare, ya shiga ƙaura daga wannan ɗaki zuwa wancan don ba ya iya biyan haya, ya kama shan giya da wiwi. Waɗansu masu rubuta tarihinsa sun ce da gangan ya ke nuna kansa mashayi, don ya ɓoye tarin da ke cinsa, tun da ya ke a lokacin nan in an san mutum yana da tarin fuka gudunsa a ke yi, amma mashayi kowa na zama da shi. Mai yiwuwa ne akwai gaskiya a ciki. Ni dai a ganina, ko mene ne dalilin, giyar nan ba ta ƙara masa ko layi ɗaya a zanensa ba. Ta dai rage masa kwana, ta kuma sa ya wulakanta mutanen da ke ƙaunarsa. Na faɗi haka ne don akwai samari masu tsammanin wai sai da maye a ke gwaninta.

A 1907 Allah ya haɗa shi da wani saurayin likita, Paul Alexandre. Likitan nan ba mai kuɗi ba ne sosai, amma ya kama wani tsohon gida ya bar wa masu zane matalauta su riƙa aiki a ciki. Shi ne mutum na farko da ya fara sayen aikin Modiliyani a kai a kai. Kome ya zana a takarda, ko da na gwaji ne wanda za a yar, likitan ya kan karɓa ya adana. Da haka ya tara zane fiye da 400, waɗanda ba a nuna wa jama'a galibinsu ba sai a 1993. Ba don shi ba, da ba mu san yadda hannun mutumin nan ya yi ta sakewa a shekarun nan ba.

Yanzu mun zo kan abin da ya shafe mu. A shekarun nan Turawa sun riga sun raba Afirka. Mubi kanta tana ƙarƙashin Jamus a lokacin, cikin ƙasar Kamaru. Sojoji da 'yan kasuwa da 'yan mishan in za su koma gida su kan tafi da sassaƙe-sassaƙen mutanen ƙasa: fuskokin dodanni na itace, da mutum-mutumi, da kujeru. Waɗansu saye aka yi, waɗansu kuwa ƙwace ne. A Faris aka jibge su a wani gidan ajiya da a ke kira Trocadero, cikin ƙura da duhu, waɗansu kuma suna shagunan 'yan gwanjo ana sayar da su arha. Masu mulki ba su ɗauke su bakin kome ba sai shaidar wai mutanen da suka yi su ba su waye ba. Amma samarin masu zane da suka gan su sai suka tsaya. Picasso ya shiga gidan nan a 1907, ya fito da wani ido dabam. Likita Alexandre shi ma mai son kayan nan ne, ya kuma jawo hankalin abokinsa gare su.

Abin da suka gani shi ne, masassaƙin Afirka ba ya wahalar da kansa wajen kwaikwayon kowace tsoka da kowane gashi. In Bawule na ƙasar Kwaddibuwa zai sassaƙa fuska, sai ya yi ta doguwa kamar ƙwai, ya haɗa girare biyu da hanci su zama layi ɗaya mai saukowa, ya yi baki ɗan ƙarami can ƙasa, idanu kuwa kamar ƙwayar kabewa, a lumshe. Mutanen Fang na Gabon su ma suna da farar fuska doguwa mai siririn hanci. Duk da haka in ka dube ta sai ka ga natsuwa da kwarjini, har ka rage murya. Watau masassaƙin ya zaɓi abu uku ko huɗu da ya ga su ne fuska, ya bar sauran.

A 1909 Modiliyani ya koma unguwar Montparnasse, ya yi maƙwabtaka da wani masassaƙi mutumin Romaniya, Constantin Brancusi. Tun yana Italiya ya ke da burin sassaƙa dutse, sai wannan maƙwabci ya ƙarfafa shi. Yawancin masassaƙan Turai a lokacin da yumɓu su ke fara ginawa, sa'an nan su ba ma'aikata su juya shi ya zama tagulla ko dutse. Su biyun nan sai suka ce a'a, mutum ya ɗauki guduma da ƙarfe ya fuskanci dutsen da kansa, kamar yadda masassaƙin turmi ya ke fuskantar gungume da gizago. Ba shi da kuɗin sayen farin dutse mai tsada, sai ya riƙa samun farar ƙasa mai tauri irin wadda a ke gini da ita a Faris, an ce wani lokaci daga wajen magina ya ke roƙowa. Wajen shekara biyar ya yi kusan ya ajiye fenti, yana ta sassaƙa kawuna. Waɗanda suka rage yau ba su kai 30 ba. Dogaye ne, sirara, hancin kamar an ja shi da igiya, wuyan kamar ginshiƙi. Ban da na Afirka, akwai hannun Masar ta dā a cikinsu. Wata mawaƙiya 'yar Rasha, Anna Akhmatova, wadda ta san shi a 1910 da 1911, ta ba da labari cewa ya kan kai ta sashen kayan Masar na gidan Louvre, ba ya son kallon kome sai su. Wani masassaƙi kuma, Jacob Epstein, ya ce ya je ɗakinsa da dare ya tarar ya kunna kyandir bisa kowane kai. A 1912 ya nuna guda bakwai a babban nunin kaka na Faris.

A nan akwai abin da ya kamata a faɗa. Sunan Modiliyani yana cikin kowane littafin tarihin zane, an san ranar haihuwarsa da titin da ya zauna. Masassaƙan da ya koya daga aikinsu kuwa, waɗanda suka kwashe kayan ba su ko tambayi sunayensu ba. A takardar da a ke liƙawa jikin kayan sai dai a rubuta sunan kabila, kamar dai dukan kabilar ce ta taru ta riƙe gizago guda. Kuma kada wani ya ce ai wannan hikima ta mutanen kurmi ce kaɗai. Mumuye na wajen Zing, a tsohon lardin Adamawa, suna sassaƙa mutum-mutumi masu dogon wuya da dogayen hannuwa masu lanƙwasa, waɗanda duk wanda ya gan su zai tuna da Modiliyani. Shi bai gan su ba, don ba su bazu a Turai ba sai wajen ƙarshen shekarun 1960. Da suka bazu kuwa, dillalai suka yi musu wawa, har ya zama yau sun fi yawa a Faris da Niyok bisa ga inda aka yi su.

Cikin shekarun nan na sassaƙa ne ya yi zane-zanen da na fi so mu tsaya a kansu. Girkawan dā suna da wata al'ada ta gini, maimakon su kafa ginshiƙi sai su sassaƙa mace tsaye, rufin ɗakin yana bisa kanta. Ana kiran irin wannan mace kariyatid. A Afirka ma akwai irinta, don Luba na ƙasar Kwango su kan sassaƙa kujerar sarki, mace a durƙushe ta ɗaga hannu biyu ta tallabe mazaunin. Modiliyani ya ƙudura zai sassaƙa irin waɗannan mata da yawa, su kewaye wani babban ɗaki. Ba shi da dutsen, ba shi da ƙarfin, ba shi da mai biya. Guda ɗaya tak ya sassaƙa, ita ma bai gama goge ta ba, tana Niyok yanzu. Amma a takarda ya zana su fiye da 70, waɗansu da fensir, waɗansu da alli mai launi, waɗansu da fentin ruwa. Akwai ɗaya a gidan Tate na Landan, ta wajen 1914, mace ce ta ɗaga hannuwa tana tallabe da tulu.

Ga yadda ya kan yi su. Da fari sai ya ja layin jikin da fensir ko shuɗin alli, ba tare da ɗaga hannu sau da yawa ba. Cinya ya yi ta kamar ƙwai, ciki kamar ƙwai, kai kamar ƙwai, ƙugu ya matse. Kan ya karkata bisa kafaɗa guda, hannuwa sun tashi sama, gwiwa ɗaya a ƙasa. Sa'an nan ya ɗebo fentin ruwa, ja-ja kamar jan ƙasa ko ruwan hoda, ya shafa cikin jikin. A waɗansu kuma ya kan bi bayan layin da shuɗi ko baƙi mai kauri, don jikin ya fito kamar an sassaƙo shi daga takardar. Kayan da matar ke ɗauke da shi sau da yawa ba ya zana shi, amma kai mai kallo sai ka ji nauyinsa, don ka ga yadda wuya ya lanƙwashe, baya ya gantsare. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin Yedzaram da safe ya ga mace ta durƙusa za ta ɗora tulu a ka, ko ya ga matan kan dutse suna shigowa Mubi da itace ran kasuwa, ya san wannan lanƙwasa. Mutumin bai taɓa zuwa Afirka ba, amma ya san inda nauyi ke zama a jikin ɗan Adam.

Fentin ruwa kuwa, ku da za ku koyar da shi, ku sani ba ya yafe kuskure. Fentin mai, in ka ɓata, ka bari ya bushe ka shafe da wani. Na ruwa garai ya ke, duk abin da ke ƙarƙashinsa ana gani, farinsa kuwa farin takardar ne, in ka rufe shi ya tafi ke nan. Yana kuma bushewa da sauri, balle a nan wajenmu da hunturu, inda kafin ka sake tsoma buroshi gefen ya riga ya kafe ya bar tabo. Sabo da haka tilas mai yinsa ya gama shawara a zuciyarsa kafin ya taɓa takarda. Wannan ya dace da Modiliyani ƙwarai, don sassaƙar dutse ta riga ta koya masa haka: abin da ka sare ba ya komawa. Ga shi kuma da arha. Wanda ba shi da kuɗin dutse yana iya samun takarda da ɗan akwatin fenti da kofin ruwa.

Wajen 1914 ya bar sassaƙa. Ƙurar dutse tana shiga huhunsa da ya riga ya lalace, guduma kuma ta fi ƙarfinsa. A shekarar nan aka fara Yaƙin Duniya na Farko, gine-gine suka tsaya, dutse ya yi wuya. Ya nemi shiga soja aka ƙi shi sabo da rashin lafiya. Likita Alexandre aka kira shi bakin daga, ba su sake ganin juna ba. Sai ya koma fenti, amma da idon masassaƙi. Duk fuskar da ya zana daga nan har mutuwarsa, in ka dube ta da kyau, za ka ga kawunan dutsen nan a ciki.

Abincinsa a lokacin daga gidajen shan gahawa ya ke fitowa, musamman wani da a ke kira Rotonde. Ya kan shigo da 'yar jakar takardu, ya zauna gaban baƙo, ya zana shi cikin 'yan mintoci, ya sa hannu ya miƙa masa. An ce faran biyar ya ke nema, wani lokaci kuma kofi guda na abin sha ya ishe shi. Wani dillali, Paul Guillaume, wanda shi ma da kayan sassaƙar Afirka ya fara kasuwancinsa, ya ɗan saye aikinsa. Daga 1916 wani mutumin Folan, Leopold Zborowski, ya ɗauki nauyinsa, yana ba shi fenti da ƙyalle da ɗaki da faran 15 zuwa 20 a yini, shi kuwa ya karɓi abin da ya zana. Zborowski kansa matalauci ne, wani lokaci sai ya sayar da kayan gidansa kafin ya biya.

Kusan duk wanda ke unguwar ya zauna masa: Picasso, da Diego Rivera mutumin Meziko, da marubuci Jean Cocteau, da abokinsa Soutine, da barorin gida, da 'ya'yan maƙwabta. Wani masassaƙi, Jacques Lipchitz, ya ba da labarin yadda ya sa shi ya zana shi da amaryarsa a 1916. Suka yi ciniki faran goma kowane zama. Modiliyani ya zo ya zauna, kafin yamma ya ce ya gama. Lipchitz ya ji kunyar ya biya faran goma kurum a kan hoton mutum biyu, sai ya yi ta ƙirƙiro gyare-gyare don zaman ya yi yawa, har aka kai kusan mako biyu. Hoton yana Shikago yanzu.

Abin mamaki a nan, duk da dogon wuyan da idanun da ba ƙwaya, waɗanda suka san mutanen nan da ganin hoton su ke gane su. Cocteau ya fito da tsininsa da ƙwalisarsa, Soutine da kaurin leɓensa da hannuwansa bisa gwiwa kamar ɗan ƙauyen da aka kira gaban alƙali. Ashe kama iri biyu ce. Akwai ta na'urar ɗaukar hoto, wadda ke auna tsawon hanci daidai. Akwai kuma irin wadda yaro mai kwaikwayo ya ke yi, sa'ad da ya karkata kai ya ɗaga kafaɗa, 'yan aji duka su fashe da dariya don sun gane hedimasta ne. Ta biyun ita Modiliyani ya ke bi. In yaro ya kawo muku mutum da wuya kamar na raƙumi, kafin ku soke, ku tambaye shi wane ne. In ya ce kawunsa ne, ku kuwa kun san kawun nan dogo ne mai tafiya da kai a sama, to yaron ya ga wani abu. In kuwa kowa haka ya ke zana shi, da gajere da dogo, to wannan rashin lura ne, sai a koya masa. Modiliyani kansa ya yi shekaru a makarantun Fulorans da Benis yana koyon auna jiki daidai kafin ya fara ja da ragewa.

Sau ɗaya tak aka yi nunin aikinsa shi kaɗai yana da rai. An buɗe ran 3 ga Disamba, 1917, a shagon wata mata, Berthe Weill. Cikin hotunan akwai na mata ba tufafi, shagon kuwa yana fuskantar ofishin 'yan sanda. Jama'a suka taru bakin taga, shugaban 'yan sandan ya aiko a sauke su a ranar. Kusan ba a sayar da kome ba.

A shekarar nan ya haɗu da wata yarinya mai koyon zane, Jeanne Hebuterne, 'yar shekara 19, mai shiru-shiru. Iyayenta 'yan Katolika ne masu riƙo, ba su so ta da Bayahude matalauci mashayi ba ko kaɗan, amma ta bar gida ta bi shi. Ya zana ta fiye da sau 20. A 1918, da Jamus suka fara jefa wa Faris manyan harsasai, jikinsa kuma ya ƙara lalacewa, Zborowski ya kwashe su zuwa Nis a bakin tekun kudu. Can ta haifi 'ya mace ran 29 ga Nuwamba, aka sa mata sunan uwar. Hasken kudu ya shiga fentinsa, launukan suka yi haske. A 1919 suka komo Faris, a bazarar nan kuma aka nuna aikinsa a Landan, aka yabe shi a jaridu, aka sayi kaɗan. Alamar sa'a ta fara fitowa, amma jikin ya riga ya ƙare.

A Janairu 1920, tsakiyar sanyi, maƙwabcinsa ya ga kwana da kwanaki ba a ji motsinsu ba, ya hau ya tarar da shi kwance yana sambatu, ɗakin ba wuta, Jeanne na zaune gefensa da tsohon ciki. Tarin ya hau masa ƙwaƙwalwa ya zama sanƙarau. Aka kai shi asibitin Charite, ya mutu ran 24 ga Janairu, yana da shekara 35. Iyayen Jeanne suka tafi da ita gida. Kwana biyu bayan mutuwarsa ta faɗo daga tagar bene na biyar, ta mutu da abin da ke cikinta. Allah Sarki, shekararta 21. Shi an binne shi a makabartar Pere Lachaise, masu zanen Faris duka suka raka shi. Ita kuwa iyayenta suka binne ta a wata makabarta a bayan gari, ba su yarda an mai da ita kusa da shi ba sai 1930. 'Yar da suka bari, 'yar'uwar uban ce ta ɗauke ta ta rene ta a Italiya. Da ta girma ta bi diddigin tarihin ubanta, ta fid da littafi a 1958, inda ta tsince gaskiya daga tatsuniyoyin da mutanen gidajen gahawa suka lulluɓe shi da su.

Tun ba a daɗe da binne shi ba kuɗin hotunansa suka fara hawa. Hotunan fentin mai da aka tabbata nasa ne wajen 340 ne kurum, masu so kuwa ba iyaka. A 2015 aka yi gwanjon ɗaya a Niyok, wani attajirin Sin ya saye shi dalar Amurka miliyan 170 da 'yan kai, hoton kuwa daga cikin irin waɗanda ya zana wa Zborowski ne bisa faran 15 ko 20 a yini. Inda kuɗi ya yi yawa haka, 'yan jabu ba su rasa zuwa, balle ga mai zanen da hannunsa ya yi kamar mai sauƙin kwaikwayo. A 2017 aka rufe wani nuni a Jenowa, hukuma ta kama hotuna 21, masu bincike suka ce 20 daga ciki na jabu ne.

Amma wanda ya fi ban dariya a garinsu ya faru. An daɗe ana faɗi a Liborno wai wata rana ya zo gida da kawunan dutse, abokai suka yi masa ba'a, ya fusata ya zuba su cikin magudanar ruwan da ta ratsa gari. A 1984, shekara 100 da haihuwarsa, hukumar gari ta sa aka kawo injin yashe magudanar. Bayan 'yan kwanaki sai ga kawuna biyu, daga baya kuma na uku. Manyan masana na Italiya suka zo suka duba, suka ce lalle hannunsa ne, aka buga littafi da hotunansu. 'Yarsa ba ta ga ƙarshen abin ba, don ta rasu a Faris cikin watan Yulin nan. A farkon Satumba sai waɗansu ɗalibai uku suka fito suka ce su suka sassaƙa ɗaya da injin huda na lantarki, suka jefa da dare don wasa, ga kuma hoton da suka ɗauka da shi kafin su jefa. Masana suka ce ƙarya su ke yi. Sai aka kai su gidan talabijin, aka ba su dutse, suka sassaƙa wani a gaban jama'a cikin 'yan sa'o'i. Ba a jima ba wani ma'aikacin tashar jiragen ruwa mai son zane, Angelo Froglia, ya fito ya ce sauran biyun shi ya yi su, ya kuma kawo fim ɗin da aka ɗauka yana aikin.